Shin Samsung ya kama hanyar Nokia ne, ko mu ne ba mu san inda ƙarfinsa yake ba?

Auwalu_FarmCentre:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, kuma akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai wanda nake so masana daga cikinku su warware mini. Lokacin da na fara wannan sana'a, idan mutum ya shigo shago da kuɗinsa a aljihu, Samsung yake fara tambaya, sai idan kuɗin bai kai ba sannan ya sauko ƙasa. Yanzu kuwa mafi yawan masu shigowa Tecno ko Infinix ko itel suke nema, masu hali kuma hankalinsu ya koma kan iPhone, ko da wadda aka yi amfani da ita a waje ce. Da idona na ga yadda Nokia ta cika hannun kowa sannan ta ɓace, na kuma ga yadda BlackBerry ta yi tashe ta wuce. A ganina abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba, wato Samsung ma ya kama wannan hanya, nan da 'yan shekaru sai dai labari. Idan na yi kuskure ina roƙon a gyara mini da hujja.

Injiniya_Bashir_Zariya:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Abin da ka gani a shagonka gaskiya ne, amma hukuncin da ka gina a kansa yana buƙatar gyara, domin waya ita ce ɓangaren kamfanin da ya fi kusa da idonmu, ba ita ce ginshiƙinsa kaɗai ba. A cikin kowace waya da kowace kwamfuta akwai 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake ƙerawa a kan faifan silikon, waɗanda masu gyara ke kira cif. Iri biyu daga cikinsu aikinsu riƙe bayanai ne: akwai DRAM, wadda ke riƙe abin da na'ura take aiki a kansa a wannan lokacin, akwai kuma NAND, wadda ke ajiye hotuna da saƙonni ko da an kashe wayar. Tun farkon shekarun 1990 Samsung ya zama kan gaba a duniya wajen ƙera irin wannan memori, ya kuma riƙe matsayin sama da shekara talatin. Kusan duk DRAM ɗin da ake amfani da ita a duniya daga kamfanoni uku take fitowa, wato Samsung da SK hynix, dukansu na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Ma'anar wannan ita ce, ranar da ka sayar da wayar wani kamfani kana ganin Samsung ya rasa ciniki, mai yiwuwa ne a cikin wayar akwai kayansa, kuma ya karɓi kuɗinsa tun kafin ta baro masana'anta. Nokia bai taɓa samun irin wannan madogara ba, domin muhimman kayan cikin wayoyinsa saye yake yi daga wasu, don haka da kasuwar waya ta juya masa baya sai ya sayar da sashen ga Microsoft a 2014.

Ummu_Khalil:
Injiniya, na taɓa jin cewa har sikirin ɗin iPhone ma Samsung ne ke yi. Shin haka ne? Na ɗauka kamfanonin biyu ba sa ga maciji, tun da na san sun daɗe suna kai juna kotu.

Injiniya_Bashir_Zariya:
Haka ne Malama, kuma duka biyun gaskiya ne. Apple ya shigar da ƙara a 2011 yana zargin Samsung da kwaikwayon fasalin iPhone, a 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a Kalifoniya suka ce a biya shi sama da dala biliyan 1, aka yi ta ɗaukaka ƙara ana rage kuɗin, har sai a 2018 suka sasanta. A tsawon wannan shari'a cinikin kaya bai tsaya tsakaninsu ba. Lokacin da Apple ya fitar da iPhone X a 2017 da sikirin nau'in OLED, mai fitar da launuka tangaran, sashen Samsung mai ƙera sikirin ne ya samar da shi, domin a lokacin babu wani mai iya yin sa da yawa haka da ingancin da ake so. Kafin nan ma, babban cif ɗin da ke tafiyar da iPhone na farko-farko a masana'antar Samsung ake ƙera shi, sai daga baya Apple ya mayar da aikin ga TSMC na Taiwan.

Malam_Habu_Tarihi:
Ina so in ƙara wa abin da Injiniya ya faɗa ta fuskar tarihi, domin wanda ya san inda kamfanin ya fito ba zai yi saurin yanke masa ƙauna ba. A 1938, lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin Japan, Lee Byung-chul ya buɗe wani ƙaramin gidan fatauci a birnin Daegu yana cinikin busasshen kifi da kayan lambu da taliya, ya sa masa suna Samsung, wato taurari uku. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya tarwatsa masa harka a Seoul, ya koma Busan ya sake farawa, ya kafa matatar sukari a 1953, sannan masaƙar ulu a 1954. Sai a 1969 aka kafa sashen kayan lantarki, wanda ya fara da talabijin mai baƙi da fari tare da taimakon kamfanin Sanyo na Japan. A 1974 suka sayi wani ƙaramin kamfanin cif da ke fama da rashin kuɗi, amma babban matakin shi ne na watan Fabrairun 1983, sa'ad da tsohon, yana da shekara fiye da saba'in, ya sanar cewa za su shiga ƙera DRAM gadan-gadan. A wancan lokaci Japan da Amurka ne ke riƙe da wannan fage, kuma da yawa sun ɗauki matakin a matsayin ganganci. Sun sayi lasisin fasaha daga Micron, suka tura injiniyoyinsu koyo, kafin ƙarshen shekarar suka fitar da DRAM mai 64K. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya biyo baya. A tsakiyar shekarun 1980 farashin memori ya faɗi warwas, har Intel, babban kamfanin cif na Amurka, ya bar harkar a 1985, amma Samsung ya ci gaba da gina sabbin masana'antu yana tafka asara, yana cike giɓin da ribar sauran sassansa da bashin banki. Da kasuwa ta farfaɗo, shi ne ke da kaya a hannu. Wannan ɗabi'a ta zuba jari a lokacin da kowa ke janye hannu ita ce ta kai shi inda yake, kuma ya maimaita ta fiye da sau ɗaya.

Baba_Kakuri:
Malam Habu, Allah ya ƙara basira. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma shekarar 1954 ce ta tsaya mini a rai. Ni na yi shekara ashirin da biyu ina aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, kuma masaƙar farko a garin a 1957 ta fara aiki, wato tazarar shekara uku kacal tsakaninta da tasu. Muna da auduga a Funtuwa da Gusau, muna da ma'aikata dubbai da suka san aikin, idan aka tashi daga aiki titi ba ya biyuwa saboda kekuna. Su sun taka masaƙa sun hau zuwa talabijin, daga talabijin zuwa abin da Injiniya ke bayani, mu kuma namu gine-ginen ciyawa ta cinye su. Ba don in karkatar da zancen na faɗi wannan ba, sai don in ce wa ɗana Auwalu kamfani ba ya mutuwa don ya rasa kasuwa ɗaya, yana mutuwa ne idan ya daina sabunta injinansa. Mu da injinan da aka kafa tun muna samari muka yi ta aiki har ranar da aka rufe ƙofa.

DanMaradi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta taɓa zuciya. Sai dai ina da gyara ga Malam Habu a wuri biyu. Na farko, idan aka ce mai sayar da kifi ne ya kafa kamfanin, mai karatu zai ɗauka wani talaka ne da tire a ka, alhali Lee ɗan gidan masu manyan gonaki ne, ya yi karatu a Japan, da jarin gidansu ya fara. Na biyu, ba a ambaci hannun gwamnati ba, wanda a ganina shi ne rabin labarin. Bayan Janar Park Chung-hee ya karɓi mulki a 1961, ya tuhumi manyan 'yan kasuwa da tara dukiya ta haramtacciyar hanya, har da Lee, ya mayar da bankuna hannun gwamnati, sannan ya riƙa ba zaɓaɓɓun gidaje bashi mai sauƙin ruwa da kariya daga kayan waje. Haka aka samu manyan gidajen kasuwanci na iyali da suke kira chaebol, irin su Hyundai da LG da Samsung. Amma akwai sharaɗi mai tsauri: dole ka fitar da kaya waje ka sayar a kasuwar duniya, idan ka gaza cika adadin da aka ɗora maka sai a ɗauke gatan a ba wani. A ƙasashenmu ma an ba 'yan kasuwa kariya da rangwamen haraji, abin da ba a haɗa da shi ba shi ne wannan sharaɗin. Wanda aka kare shi a gida ba tare da an tilasta masa yin gasa a waje ba, babu abin da zai sa ya gyara kayansa.

Malam_Habu_Tarihi:
Na karɓi gyara na farko ba tare da jayayya ba. A kan na biyu kuwa, ban musa rawar gwamnati ba, amma Daewoo, wani daga cikin waɗannan gidaje, shi ma ya samu irin wannan gata, har ya kai na biyu a girma a ƙasar, duk da haka ya rushe a 1999 bayan rikicin kuɗin Asiya na 1997. Samsung kansa ya ƙone hannu a harkar mota, ya fara sayar da ita a 1998, zuwa 2000 ya miƙa mafi yawan kamfanin ga Renault na Faransa. Gata ɗaya aka ba su, sakamako ya bambanta, don haka dole akwai abin da ya rage na shugabanci.

Barista_Zainab:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma ina ganin yabon ya fara yin yawa har an manta da waɗanda suka biya farashin wannan girma. Lee Kun-hee, ɗan wanda ya kafa kamfanin, wanda ya gaje shi a 1987, sau biyu kotu tana samun sa da laifi, na farko a 1996 kan ba shugaban ƙasa cin hanci, na biyu a 2008 kan kauce wa haraji, kuma sau biyun ana yi masa afuwa. Afuwar ƙarshen 2009 an fito fili an ce don ya taimaka wa ƙasar ta samu damar karɓar gasar Olamfik ta lokacin sanyi ce. Ɗansa Lee Jae-yong, wanda ke shugabanci yanzu, an ɗaure shi a 2017 a badaƙalar da ta kai ga tsige Shugaba Park Geun-hye, inda cikin abin da aka lissafa a matsayin cin hanci har da dawakan da aka saya wa 'yar aminiyar shugabar. An sake shi, aka sake mayar da shi kurkuku a farkon 2021, aka sallame shi bisa sharaɗi a watan Agustan shekarar, sannan aka yi masa afuwa a 2022 da hujjar cewa tattalin arziki yana buƙatarsa. Adalci ya sa in ƙara da cewa a ɗaya shari'ar, ta haɗe kamfanoni biyu na gidan a 2015, kotu ta wanke shi, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da hakan a 2025. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun ma'aikata. A 2007 wata matashiya da ta yi aiki a masana'antar cif ta Giheung ta rasu da sankarar jini tana da shekara ashirin da 'yan kai, mahaifinta, direban tasi, ya ƙi yin shiru, wasu iyalai suka biyo bayansa, aka shafe shekara goma sha ɗaya ana fafatawa kafin kamfanin ya fito a watan Nuwamban 2018 ya nemi gafara a bainar jama'a, ya amince da biyan diyya da ta kai won miliyan 150 na kuɗin Koriya ga kowane mai irin wannan ciwo. Shekaru da dama kuma ba a yarda ma'aikata su kafa ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi ba, sai a 2020 Lee Jae-yong ya ce an daina wannan manufa. Duk wanda ke fatan mu samu irin Samsung a ƙasarmu, ya kamata ya tambayi kansa ko yana son a samu gidan da ya fi ƙarfin kotu.

Musa_Mai_Gyara:
Manyanmu, zancen ya yi nisa da shagon Yaya Auwalu, bari in dawo da shi inda ya faro, tun da ni kullum cikin wayoyin nake buɗewa. Dalilin da ya sa Tecno da 'yan'uwanta suka karɓe kasuwarmu ba ɓoyayye ba ne. Duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda ya zauna ya nazarci buƙatar mutumin Afirka: layi biyu a waya ɗaya saboda sabis ɗin wannan kamfani yana kamawa inda na wancan ba ya kamawa, batir mai jure kwana ba caji saboda rashin wuta, kyamarar da ke fitar da fuskar baƙin mutum da kyau, sannan farashi daidai aljihu. Ya kuma buɗe wuraren gyara na Carlcare a garuruwa da yawa. Tun wajen 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. A wajen gyara kuma bambancin a bayyane yake, domin sikirin nau'in AMOLED na manyan Galaxy yana da kyau ƙwarai amma yana da tsada, wani lokaci kuɗin canza shi ya isa sayen sabuwar ƙaramar waya, don haka mai ƙaramin ƙarfi yake gudunsa. Amma Yaya Auwalu, kai ma ka sani jerin Galaxy A suna fita, kuma ma'aikata da 'yan kasuwar da ke son wayar da za ta daɗe suna komawa gare su. Tun daga Galaxy S24 a farkon 2024 kamfanin ya yi alƙawarin sabunta manhajar manyan wayoyinsa har shekara bakwai, abin da masu arha ba sa yi. Wani abu kuma da ke ɓata lissafi shi ne jabu. Sau da dama ana kawo mini waya mai ɗauke da sunan babban kamfani, in buɗe in tarar ba abin da ya haɗa ta da shi sai rubutun bayanta, mai ita kuma ya tafi yana zagin kamfanin da bai ƙera ta ba.

Auwalu_FarmCentre:
Na gode ƙwarai, na ƙaru da abubuwan da ban sani ba, musamman batun memori. Musa, gaskiyarka ce a kan jerin A. Amma har yanzu ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Na tuna shekarar da aka yi ta labarin wata wayarsu tana kamawa da wuta har aka hana shiga jirgi da ita, kuma na ji an ce a 2023 Apple ya wuce su a yawan wayoyin da aka sayar a duniya. Idan a sama Apple ya danne, a ƙasa kuma kamfanonin China sun danne, ina wurin tsayawa?

Hajiya_Rabi_Abuja:
Malam Auwalu, wayar da kake nufi ita ce Galaxy Note 7 ta 2016. An fitar da ita a watan Agusta, a Satumba aka janye kusan miliyan 2.5, aka ba mutane wasu a madadinsu, su ma suka riƙa kamawa da wuta, a Oktoba aka daina ƙera ta baki ɗaya. Binciken da suka fitar a Janairun 2017 ya nuna matsalar a batir take: na farko an matse shi a mazubin da ya yi masa kaɗan har faranti biyu na ciki suka haɗu, na biyun kuma an yi gaggawar haɗa shi aka bar kuskuren walda. Asarar ta haura dala biliyan 5. Ni a wurina wannan labari hujja ce da ke rushe ra'ayinka, ba mai goyon bayansa ba, domin ƙaramin kamfani da wannan kaɗai ya rufe, su kuwa a shekarar da ta biyo baya suka ci ribar da ba su taɓa ci ba a lokacin, saboda farashin memori ya tashi. Akwai kuma wani tsohon labari da ya yi kama da shi. A 1995, da Lee Kun-hee ya gano wayoyin da suka ƙera suna da matsala, ya sa aka tara kusan guda 150,000 a harabar masana'antar Gumi, aka farfasa su da guduma aka cinna musu wuta a gaban ma'aikata kusan dubu biyu. Shekara biyu kafin nan ne ya tara manyan jami'ansa a Frankfurt ta Jamus ya umarce su da su canza komai in ban da matansu da 'ya'yansu.

Nura_Daejeon:
Ni ɗalibi ne a nan Koriya ta Kudu, shekarata ta uku ke nan, kuma ina so in ce mai yiwuwa Malam Auwalu yana da gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutanen nan ba batun Tecno ke hana su barci ba, yawancinsu ma ba su taɓa jin sunan ba. Damuwarsu tana kan cif ɗin da Injiniya ya ce shi ne madogara. Da fasahar ƙirƙirarriyar basira ta bunƙasa, sai aka shiga neman wani nau'in memori mai suna HBM, wanda ake jera yadudduka na DRAM ɗaya bisa ɗaya a liƙa su kusa da manyan cif ɗin Nvidia, kamfanin Amurka da kayansa ke tafiyar da wannan fasaha. SK hynix, wanda aka daɗe ana ɗaukarsa ƙane, shi ne ya riga kowa ƙwarewa a wannan, Samsung kuma ya daɗe yana fama kafin kayansa su samu karɓuwa. A watan Oktoban 2024 shugaban sashen cif, Jun Young-hyun, ya rubuta wasiƙar neman afuwa ga masu hannun jari da ma'aikata, abin da ba a saba gani ba, a farkon 2025 kuma SK hynix ya wuce su a cinikin DRAM karo na farko. A 2024 ɗin ne ma ma'aikatan sashen lantarki suka yi yajin aiki na farko a tarihin kamfanin. Abin da Barista ta faɗa game da ƙarfin gidan gaskiya ne, har suna yi wa ƙasarsu laƙabi da Jamhuriyar Samsung, domin mutum zai iya a haife shi a asibitinsu, ya zauna a gidan da suka gina, ya yi inshora a wurinsu, ya kai 'ya'yansa wurin shaƙatawarsu na Everland. A 2024 kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ƙasar ta fitar waje cif ne, kuma miliyoyin talakawa sun sayi hannun jarin kamfanin da ajiyarsu, don haka idan ya yi tuntuɓe kowa yana ji a jikinsa.

Injiniya_Bashir_Zariya:
Nura ya taɓo inda ni ma nake da shakka, kuma akwai fage na biyu da bai ambata ba, wato ƙera wa wasu kamfanoni cif ɗin da su suka zana. A nan TSMC, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, yana riƙe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na kasuwar, Samsung yana na biyu amma ya sauko ƙasa da kashi 10. Dalili ɗaya na fasaha ne. A kan faifan silikon guda ana buga ɗaruruwan cif a lokaci ɗaya, kuma ba dukansu ke fitowa lafiya ba, don haka wanda ya fi samun masu kyau a kowane faifai shi ne mai riba. Samsung ya riga kowa sanar da fara ƙera na nanomita 3, wato mai layuka masu tsananin ƙanƙanta, da sabon fasali a tsakiyar 2022, amma manyan masu saye sun zauna wurin TSMC saboda nasa sun fi fitowa lafiya. Dalili na biyu na amana ne. TSMC ba ya ƙera waya ko wani kaya da sunansa, Samsung kuwa yana yi, kuma da wuya mutum ya miƙa sirrin zanensa ga wanda zai haɗu da shi gobe a kasuwa a matsayin abokin hamayya. Faɗin harkar da muka yaba a farko, a nan ya zama nauyi. Duk da haka a Yulin 2025 sun ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 16.5 da kamfanin motocin lantarki na Tesla, wadda ake dangantawa da sabuwar masana'antarsu ta Taylor a jihar Texas, don haka ban ce an gama ba.

Sadiq_Fatakwal:
Wani abu da ban ga an ambata ba shi ne aikin da wannan gida ya yi a Najeriya wanda ba shi da alaƙa da waya. Ni a harkar mai nake aiki. Katafaren jirgin da ke haƙowa da tace ruwa da adana ɗanyen mai a rijiyar Egina ta kamfanin Total, sashen Samsung mai ƙera jiragen ruwa ne ya gina shi a tsibirin Geoje, aka jawo shi ya iso Legas a Janairun 2018, aka ɗora masa wasu sassa da aka ƙera a nan gida, ya fara aiki a ƙarshen shekarar da ƙarfin ganga 200,000 a rana. Sashensu na gine-gine kuma shi ya jagoranci ginin Burj Khalifa na Dubai, wanda 'yan kasuwarmu ke ɗaukar hoto a gindinsa. Kowane sashe kamfani ne mai zaman kansa, amma iyali ɗaya ke juya su ta hanyar hannun jarin da wannan ke riƙewa a wancan.

Ummu_Khalil:
To idan har sun iya haɗa jirgi a Legas, me ya hana su kafa masana'antar waya ko ta cif a Najeriya, ga yawan jama'a ga kasuwa? Na ji suna da masana'antar talabijin a Masar.

Injiniya_Bashir_Zariya:
Suna da ita a Beni Suef ta Masar, suna kuma harhaɗa talabijin a Durban ta Afirka ta Kudu. Sai dai a bambance harhaɗa kaya da ƙera cif. Harhaɗa waya abu ne mai yiwuwa idan akwai tashar ruwa mai sauri da tsayayyar doka da wuta, abin da Biyetnam ta tanada ke nan har kusan rabin wayoyin Samsung suka koma fitowa daga Bac Ninh da Thai Nguyen, Indiya ma ta samu babbar masana'anta a Noida a 2018. Masana'antar cif kuwa wata duniya ce. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar layuka da haske kamfani ɗaya ne ke yin sa a duniya, ASML na Holan, kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150. Faifai ɗaya yana shafe watanni yana bin ɗaruruwan matakai a ɗakin da ƙura ba ta shiga, ana amfani da ruwa mai tsananin tsabta, kuma ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci tana iya lalata duk abin da ke kan layi. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya katse wuta a Texas, masana'antar Samsung ta Austin ta tsaya fiye da wata guda kafin ta dawo daidai. Idan haka ta faru a Amurka, sai mu auna da halin wutarmu.

Barista_Zainab:
Malam Habu ya ce bambancin Samsung da Daewoo shugabanci ne, kuma ina so in mayar masa da tambaya. Shugabancin da ya yaba na mutum ɗaya ne mai iya cewa a zuba jari a lokacin asara ba wanda ya isa ya musa. Bayan rasuwar Lee Kun-hee a Oktoban 2020, magadansa sun fuskanci harajin gado na sama da won tiriliyan 12, wanda suka riƙa biya kashi-kashi suna sayar da hannun jari suna cin bashi, Lee Jae-yong kuma ya faɗa tun a watan Mayun 2020 cewa ba zai miƙa wa 'ya'yansa ragamar kamfanin ba. Idan ya cika wannan magana, wa zai iya ɗaukar irin matakin 1983 nan gaba? Idan kuma bai cika ba, an koma gidan jiya.

Malam_Habu_Tarihi:
Barista, tambayar tana da nauyi, kuma ba na ganin mulkin iyali shi ne kaɗai hanyar yin dogon hange, tun da TSMC ba gadon gida ba ne kuma ya yi shi. Abin da nake riƙe da shi shi ne a 1997 da 2016 an yi hasashen durƙushewarsu, suka tashi, shi ya sa nake jinkirin yarda da hasashe na uku.

Musa_Mai_Gyara:
Yaya Auwalu, akwai wani ɓangare na bayanin Nura da ya shafe mu kai tsaye. Tun da kamfanoni ukun nan sun karkatar da injinansu ga memorin manyan cibiyoyin kwamfuta saboda ya fi riba, wanda ake sa wa ƙananan wayoyi ya yi ƙaranci, farashinsa kuma ya tashi sosai tun ƙarshen 2025. Wayar da ta fi jin wannan ita ce mai arha, domin ribar da ke kanta ba ta da yawa, ko dai a ƙara mata kuɗi ko a rage mata memori. Wato ko da ba ka sayar da Samsung ko ɗaya a wata ba, shawarar da aka yanke a Suwon, inda hedikwatar sashen lantarki na Samsung take, tana iya canza farashin itel a shagonka.

Auwalu_FarmCentre:
Wannan kam na fara ganin alamarsa a wurin dilolinmu, sai dai na ɗora laifin duka a kan canjin dala. Ban janye maganata a kan waya ba, domin abin da nake gani a kasuwa bai canza ba, amma na yarda kwatanta shi da Nokia bai dace ba. Injiniya da Nura, ina da tambaya ta ƙarshe kafin in tafi sallar la'asar: idan an fara gina sabuwar masana'antar memori yau, shekara nawa take ɗauka kafin kayanta su iso kasuwa? Ina so in san ko in ƙara sarin ƙananan wayoyi tun yanzu, ko in jira.